Sawun Zabo a Kan Akwatin Kaka

Har yau in ina cikin mota direba ya rage gudu, sai tsoro ya kama ni, in leƙa in ga ko shingen soja ne, ko da rami kawai ya gani a hanya. Gwaggo Indo ta ce zai wuce. Ga shi aiki na samu, masara ta fara isa gida, har an soma maganar shuka, bai wuce ba. Amma ba don tsoron nake wannan rubutu ba. Akwai mutanen da ban yi wa godiya yadda ya kamata ba, ɗaya daga cikinsu ko sunanshi na yanka ban sani ba.

Sunana Tsahara. Ƙauyenmu na arewa da Kanambakashe, ƙasar Mayahi. A Tasawa na yi kolej, na gama, na komo gida da takardata a shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Shanun babana suka dinga kwantawa ɗaya bayan ɗaya, har muka koma jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci na daji muna ci. Soji ke mulki wajenmu, soji ke mulki Nijeriya, kuma an rufe iyaka. Cikin haka Gwaggo Indo, ƙanwar babana mai aure a Kaduna, ta aiko cewa wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kwatano na neman wadda za ta koya wa ƴaƴanshi Faransanci. Abin da zan samu can shi gidanmu za su ci. Ba wanda ya tambaye ni ko ina tsoro, ni ma ban ce ba.

Jaka babu a gidanmu, sai akwatin Kaka Nomau, mahaifin babana, wanda ya rasu ina kolej. Akwatin ƙarfe ne mai tsawo, ba faɗi, da mariƙi biyu a gefe da maɗauri mai ƙarar tsiya. Tun yana saurayi Kaka ya gudu daga aikin tilas na Faransa ya shiga ƙasar Ingilishi, ya yi shekaru ba labari, ya komo da akwatin nan a ka. Bisa murfin akwai wata shaida da aka buga cikin ƙarfen: zane uku da suka haɗu a baki ɗaya, kamar zabo ya taka jiƙaƙƙen rairayi. Sawun zabo muke ce mata. Ita Kaka ya sa maƙeri ya ƙera mashi a ƙarfen lalas, ita ake ɗora wa shanunmu da jakunanmu a cinya, ita Inna ke ƙonawa a gindin ƙoren gidanmu don kada su ɓace wurin biki. A kasuwar Mayahi in aka ga bijimi da sawun zabo, an san na gidan Nomau ne. Na tashi na san shaidarmu ce, kamar yadda na san zanen fuskata nawa ne.

Daga Gazawa wahala ta fara. Wani mai jakuna, da ya ce ba ruwanmu da sunanshi, ya karɓi ladanshi tun da safe, ya ce zai bi da mu ta daji har bakin kasuwar Ɗankama, inda ba ƴan duwan masu kama kaya, ba jandarma. Mata ne mu da yawa, wasu da goyo. Rana na tsaka ya sauke kayanmu gindin wata kuka, ya nuna wani tudu.

"Kun ga bayan can? Kasuwa ke nan. Ni nan iyakata."

Muka hau tudun, ba komai bayanshi sai wani tudun. Ko da muka waiga, ya kora jakunanshi ya yi nisa.

Na ɗauki akwatin a ka. Ƙarfe ne, ya sha rana, sai na ji kamar tukunya aka sauke daga murhu aka aza mani. Wata Bafillatana da ke cikinmu, wadda ba ta da komai sai ƙwarya da ɗa a baya, ta tsaya ta kwance ɗankwalinta ta naɗa mani gammo.

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Nawa kan ya saba. Naki na lakkwal ne, na ƴan boko, kada karatun ya narke."

Dariyar farko ke nan da na yi tun barina gida. A turmutsutsun Ɗankama muka rabu ban ankara ba. Ɗankwalin na nan wurina, na wanke na ninke, ban san inda zan kai shi ba.

A Katsina guzurina ya ƙare. Wata mai tuwo a bakin tasha, da kowa ke ce wa Iya, ta bar ni ina mata wanke-wanke ina kwana bayan rumfarta har na haɗa na mota. Ranar farko na ga ta zuba wa awakinta dussa cike da kwano. Na tsaya da soso a hannu ina kallon akuya na ci tana zubarwa, ina tuna ƙanwata Ladi da ke lasar ƙwaryar anza. Iya ta lura. Sai ta ƙara mani malmala ɗaya. Ranar da zan tafi ta ja ni gefe.

"Bakinki da namu duk ɗaya ne, ƴar nan. Kada dai ki saki kalmomin Faransa, ki ce wa mutum mushe ko ki ce wa mota kamyo. In mai kaki ya tambaye ki garinku, ki ce Kaita."

Motar Kaduna fijo ce. Direba ya so ya ɗaure akwatin a bisa, na ƙi don tsoron sata. Na tura shi ƙarƙashin ƙafafuna a kujerar baya, na rufe da zane. Kusa da ni wani tsoho ne dogo, ramamme, idanunshi sun yi fari da yana, sandarshi tsakanin gwiwoyi. Mutanen tasha na ce mashi Baba Kofur. Za shi Kaduna ne don ranar ce ake duba tsofaffin soja a tabbatar suna da rai kafin a ci gaba da ba su fansho. Wanda bai isa ba kafin a tashi ofis, sai wani zagayen. Tun ba mu bar gari ba ya fara mita.

"Wace ce wannan ta kwaso maƙera ta shigo da ita mota? Ƙwaurina zai kai Kaduna kuwa?"

"Yi haƙuri, Baba."

"Ina ta yi tun ɗazu, ƙashin bai ji sauƙi ba. Kayan aure ne?"

"A'a."

"To madalla, mijin ya tsira."

Mota duk ta kwashe da dariya. Na juya fuska ga taga, na ce a raina Allah shi raba ni da tsohon nan lafiya.

Bayan Funtuwa direba ya rage gudu. Ganguna ne a tsakiyar hanya da katako mai ƙusoshi. Aka ce kowa ya sauka da kayanshi. Wani soja yaro, da bai girme ni da yawa ba, ya yaye zanen da ke kan akwatina. Sai na ga ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga, ya ƙwala kira da Ingilishi. Ɗan abin da na koya a kolej bai kama ko kalma ɗaya ba. Sajansu ya taso daga inuwar mangwaro, ƙaton mutum mai furfura a gemu, Hausarshi irin ta bariki.

"Na wa?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"Ina garinku?"

Kaita ta ɓace mani fat. Na ji bakina ya ce, "Mayahi."

Wani cikin fasinja ya ce a hankali, "Nijar ce, Saje."

"Kin san mene ne wannan?"

"Akwati ne."

"Akwatin harsashi ne. Ina harsasan?"

Kwanakin da na yi a tashar Katsina ba hirar da ake yi sai ta ƴan fashi da ake ɗaurewa jikin ganga a harbe, da waɗanda ke sayar masu da makami.  Sajan ya sa bakin sandarshi bisa murfin, daidai sawun zabo.

"Wannan fa? Alamar wa ce?"

Wallahi sai na ji sanyi a raina, don an zo tambayar da na san amsarta. Har muryata ta fito sosai.

"Shaidar gidanmu ce, ranka shi daɗe. Kowa ya san ta har kasuwar Mayahi."

Sajan ya janye sandarshi. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, na gane ya ɗauka raini ne.

"Gidanku ne gwamnati? Wannan alamar kayan soja ce. Duk abin da aka buga wa ita, daga ma'ajiyar soja ya fito. Durƙusa. Hannu sama."

Na durƙusa bisa tsakuwa. Can gefe akwai wata babbar mota mai tanti, maza na zaune cikinta sun sunkuyar da kai. Na ji sajan ya ce in ta cika a kai su bariki. A nan abin ya faɗo mani: Gwaggo na tsammanin ban taso ba tukuna, gida na tsammanin na isa Kaduna. In na shiga motar nan, ba mahalukin da ya san inda zai neme ni.

Aka ce wa direbanmu ya ja motarshi. Fasinja suka shiga, ba wanda ya dube ni, ban kuma ga laifinsu ba. Baba Kofur kaɗai ya tsaya, ya dogara da sanda.

"Baba, shigo mana," in ji direba. "Ofis za a tashi fa."

"Na ji an ce akwatin harsashi. Shekara da shekaru rabona da shi, ashe shi ke cin ƙwaurina tun Katsina. Sai na gaishe shi."

Direba ya yi magiya, ya danna ham, ya gaji. Ya sauke wa tsohon ƙullinshi a bakin hanya ya tafi.

Baba Kofur ya lalubo akwatin da sanda, ya tsugunna. Ya bi gefenshi da yatsu, ya ja mariƙin, ya ɓalle maɗaurin ya mayar, ya ɗan daɗe da yatsa cikin shaidar.

"Namu ne," ya ce.

Na rufe ido. Na ce shi ke nan, ya ƙarasa ni.

"Amma Saje, ya girme ka. Irin wanda muka ɗauka a yaƙin Bama ne, na zamanin Bature."

"Baba, tsofaffin ma akwai su a ma'ajiya, kuma ana sata."

Da kyar na ce, "Na kakana ne."

"Kin ji ko," in ji sajan. "Kowa aka kama, kakanshi ne."

Tsohon ya juyo inda ya ji muryata. "Ke mai maƙera, ya sunan kakan naki?"

"Nomau."

"Wace bataliya? Lambarshi?"

"Ban sani ba."

"Takardar sallama?"

"Gara ta cinye tun ban yi wayo ba."

Ya ja tsaki. "Bai ba ku labari?"

"Shina bayarwa. Ba a dai yarda. Cewa ake kanshi ya taɓu a Ingilishi."

"To faɗi mani wanda ba a yarda ɗin."

Hannuna na sama, kafaɗuna kamar za su cire, na fara faɗa. Na ce Kaka kan ɗaura igiyar guga tsakanin gawo biyu, ya sa samari su ƙetare a rataye kamar jemage da damin gero a baya, shi kuma yana ƙasa yana jifarsu da hoge yana ihu, "Sauri, ana harbi!" Uwaye su zo suna faɗa. Na ce yakan ce an kai su ƙasar Hindu cikin jirgin ruwa, aka shiga da su wani daji aka yi watanni ana koya masu tafiya da yunwa, kafin a ɗauke su cikin jirgin sama a ajiye bayan abokan gaba.

Sojan nan yaro ya yi ƴar dariya. Sajan bai yi ba.

"Sai me?" in ji tsohon.

Labarin na ƙarshe kunya yake ba mu. Shi ya sa a garinmu in yaro ya shara ƙarya ake cewa ya hau jakin Nomau.

"Yakan ce jakunansu ba su kuka. Wai likita ya yanke masu murya don kada abokan gaba su ji."

Baba Kofur ya saki sandar. Daga tsugunno ya zauna daɓas bisa ƙasa, da farar rigarshi da ya wanke don zuwa ofis. 

"Alfadarai ne," ya ce. "Ba jakuna ba."

Ya kai hannu maƙogwaronshi. "Nan ake tsagawa. Ni na riƙe kan tawa aka yi mata. Bayan nan sai ta buɗe baki har iyaka, ba abin da ke fita sai iska, tana kallona." Ya goge fuska da hannun riga, ya juya wajen sajan. "Saje, ba duk wanda ya je Bama ya san wannan ba. Mu da aka ware don daji ne, irin waɗanda yanzu kuke ce wa kwamando. Igiyar nan da ta faɗa, bisa kogi ake ɗaura ta, da kaya a baya, kuma harsashi na gaske ake sakar mana bisa kai. Horo ne wai. Wani Bazabarme da muke cin kwano ɗaya nan ruwa ya tafi da shi, tun ba mu ga abokin gaba ko ɗaya ba. Yarinyar nan ba a makarantar Faransa ta karanto wannan ba."

Sajan ya waiwaya. Ya ce wa yaron ya buɗe akwatin ya zazzage. Zannuwana biyu suka faɗo, da littafin Faransanci, da ƙwarya da ludayi. A ƙarshe wani yankin ƙirgi, wanda babana ya yanko daga fatar bijiminmu na ƙarshe ya shimfiɗa a gindin akwatin don toshe inda tsatsa ta huda. Yaron ya kifa ƙwaryar, ga shaida. Ya juya ludayin, ga ta. Ya ɗaga ƙirgin ga rana, ga ta nan baƙa ƙirin, gashi ya tsiro ya kewaye ta. Sai ya yi magana da Hausa, ashe yana ji.

"Oga, har bijimi sun sa aikin soja."

Sajan ya cije leɓe, gemunshi na rawa. Ya ce mani, "Ina bijimin yake?"

"Ya mutu. Duk sun mutu."

Dariyar ta tsaya a nan. Baba Kofur ya ce, "Nomau ya ga duk abin da aka buga wa shaidar nan ba mai taɓawa, sai ya je ya buga wa dukiyarshi. Da na samu shanu, da haka zan yi."

"Sauke hannu," in ji sajan.

Na so in sauke, suka ƙi. Sai da yaron ya rataya bindigarshi ya kamo su ya sauke mani, ya kuma miƙo mani gorar ruwanshi.

Sajan ya ce, "Yarinya ta tafi. Ban ji sunan garin da ta faɗa ba. Amma akwati na soja ne, ba zan bar farar hula ta wuce da shi ba. Shingen gaba ba za su tsaya jin labarin alfadari ba."

Ni kam na yarda. A lokacin ko zannuwan aka ce in bari, bari zan yi. Na fara tattara kayana cikin zane.

"To ga soja," in ji Baba Kofur.

Ya lalubo sandarshi ya miƙe, ya haɗa dugaduganshi cikin silifa na roba, ya ciro takardarshi ta fansho ya miƙa ta inda ba kowa. Sajan ya matsa ya karɓa, ya duba, ya mayar mashi cikin aljihu da kanshi.

"Mai da kayanki ciki, ki aza mani," in ji tsohon.

"Baba, zai karya maka wuya."

"Na ɗauki cikakke, bisa dutse, da zazzaɓi a jikina. Wannan na zane da ludayi ne."

Sajan ya ƙame ya sara mashi, sarawa ta gaske, ko da yake tsohon bai gani ba. Sannan ya tsayar da wata motar albasa, ya sa aka matsa mana a gaba.

Daga nan har Kaduna akwatin na bisa cinyar Baba Kofur. Duk shingen da aka tsayar da mu sai in sunkuyar da kai, shi kuwa ya buga murfin da tafin hannu ya ce, "Nawa ne, ɗana. Tun ba a haifi ubanka ba." A tsakanin shingaye kuma ya dame ni da tsokana irin ta kaka da jika.

"Amarya, tunda Nomau ya mutu ni na gaje ki. Kin iya fura, ko sai Faransanci?"

Na tambaye shi ko ya san Kaka.

"Ban san shi ba. Muna da yawa, kuma ku ƴan Faransa duk sunan ƙarya kuke ba Bature."

Motar albasa ba ta sauri. Da muka shigo gari inuwa ta riga ta yi tsawo. Na ce, "Baba, ofis."

"Ido ne ba ni da shi, ba kunne ba. Na ji kiran la'asar tun kafin Kawo."

"To yanzu ƙaƙa za ka yi?"

"Za su rubuta na mutu. Sun taɓa rubutawa, na je na ƙaryata su. Ina ne gidan gwaggon taki?"

Haka muka shiga Tudun Wada, ni a gaba riƙe da bakin sandarshi ina tambayar gida, shi a baya da akwati a ka, wuyanshi a miƙe. Na roƙe shi ya ba ni, ya ce umarnin Saje har ƙofar gida ne.

Gwaggo Indo ta leƙo zaure da ta ji sallama. Kafin ta gan ni ta ga akwatin, ta dafe ƙirji ta ce, "Akwatin Baba!" Sannan ta ce, "Tsahara?"

Na buɗe baki in gaishe ta. Ƙafafuna suka tafi. Na zube nan bakin zaure, jikina duk na kaɗawa, haƙorana na haɗuwa. Gwaggo ta yi salati, matan gida suka fito, wata na cewa a kawo ruwa, wata na cewa iska ce, suna ta ja na in tashi.

"Ku bar ta," in ji Baba Kofur. "Kada ku ɗaga ta. Mu ma ranar da aka fito da mu daga daji, aka ce ga gado ga abinci, ƙafa ta ƙi. Sai an tsira take yin haka."

Ya sauke akwatin, ya tsugunna, ya lalubo kaina da hannu.

"Amarya, kin iso. Gidan gwaggonki ne nan. Ba mai ce maki ki ɗaga hannu."

Sai a lokacin kuka ya zo mani, irin wanda ban yi ba tun Gazawa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ko da na ɗago, ya sha ruwa, ya ƙi abinci, ya ce akwai wani abokin aikinshi da zai sauka wurinshi, mijin Gwaggo ya raka shi bakin titi ya sa shi mota. Ba wanda ya tuna ya tambayi sunanshi ko garinsu.

Ban ce mashi na gode ba. Kullum in na idar da salla, bayan na roƙa wa gida ruwa, sai in roƙi Allah shi sa mutanen ofishin nan sun yarda yana da rai.